Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazarin Taurari da Manufofinsu a Gajerun Labaran Ingilishi

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu masu nazarin harshe, in Allah ya nufe mu da kammala karatu, aji za mu koma. Wasu ma tun a lokacin koyon aikin koyarwa ko na bautar ƙasa za a tura su makarantun sakandare na Gwagwalada ko Kuje ko Bwari ko Kwali ko Abaji. Ba abin mamaki ba ne kuma a roƙi wanda ya karanta Hausa ya taimaka da darasin adabin Ingilishi, a ce ai duk adabi ne. A irin wannan aji akwai wata matsala da ta daɗe tana kayar da yara a jarrabawa. Idan aka ce ɗalibi ya yi bayani a kan wani tauraro, sai ya ɗauko labarin tun daga farko ya zayyano shi har ƙarshe, ya cika shafi biyu, ya fito yana murna. Mai duba takarda kuwa ya riga ya san labarin. Abin da yake nema shi ne, wane irin mutum ne wannan tauraro? Me ya sa ya aikata abin da ya aikata? A ina cikin labarin aka ga shaidar haka?

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna yadda ake amsa waɗannan tambayoyi, ta hanyar duba gajerun labarai uku na Chinua Achebe da ke cikin littafinsa Girls at War and Other Stories, wanda aka buga a 1972. Daga nan kuma za a nuna cewa ɗalibin da ya san adabin Hausa yana da kayan aikin nan tun tuni a hannunsa.

Tauraro da Manufarsa

A fagen nazarin ƙagaggen labari, tauraro shi ne duk wanda marubuci ya ƙirƙira ya ɗora masa magana da aiki, mutum ne ko dabba ko aljani. Wanda labari ya fi ta'allaƙa a kansa shi ne babban tauraro, sauran kuma ƙananan taurari. A 1927, marubucin nan na Ingila E. M. Forster, a littafinsa Aspects of the Novel, ya kasa taurari gida biyu. Akwai wanda za mu iya kira miƙaƙƙen tauraro, wato mai hali ɗaya tak daga farko har ƙarshe, wanda jimla ɗaya ta isa a siffanta shi. Akwai kuma zagayayyen tauraro, mai fuskoki da yawa, wanda zai iya yin abin da zai ba mai karatu mamaki amma kuma ya gamsu da cewa lalle zai iya aikata haka.

Manufa kuwa ita ce abin da ke ingiza tauraro ya yi wani aiki: kwaɗayi, ko tsoro, ko kunya, ko ƙauna, ko neman suna. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. A nan ne ɗalibi ke buƙatar lura, domin manufa iri biyu ce. Akwai wadda tauraro ke faɗa da bakinsa, akwai kuma wadda ayyukansa ke tonawa. Wani lokaci su dace da juna, wani lokaci su saɓa. Inda suka saɓa, nan ne yawanci marubuci ya ɓoye saƙonsa.

Ana gane manufar tauraro ta kafofi huɗu: abin da ya faɗa, da abin da ya aikata, da abin da sauran taurari ke cewa ko yi game da shi, da kuma abin da mai ba da labari ya gaya mana. Ƙa'ida ita ce kada a dogara da kafa ɗaya. A jera su duka, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Me Ya Sa Gajeren Labari?

Tun a 1842 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya bayyana cewa ƙarfin gajeren labari yana cikin yiwuwar karanta shi a zama ɗaya. Wannan ya sa ya dace da aji, domin ana iya karanta shi a gama cikin darasi guda, kowa ya riƙe shi a ka. Bugu da ƙari, mai rubuta dogon labari yana da shafi ɗari biyu da zai gina tauraronsa, shi kuwa mai gajeren labari wani lokaci shafi uku ko huɗu gare shi. Saboda haka ba ya ɓarnar kalma. In ya ce tauraro ya yi murmushi, akwai dalili. In ya ce ya yi shiru, akwai dalili.

Gaskiya ne cewa littattafan zube da hukumomin WAEC da NECO kan zaɓa wa 'yan babbar sakandare yawancinsu dogayen labarai ne. Amma wanda ya iya tono manufa a shafi uku, zai iya a shafi ɗari biyu. Har wa yau, a takardar zaɓi-ka-cika ta WAEC akan kawo guntun zube da ɗalibi bai taɓa gani ba a yi masa tambayoyi a kai, kuma babu abin da ke shirya yaro ga wannan kamar sabo da gajeren labari.

Misali na Farko: Hedimasta Michael Obi

Labarin “Dead Men's Path”, wato hanyar matattu, Achebe ya rubuta shi ne a 1953, yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A taƙaice, a watan Janairu na 1949 hukumar mishan ta naɗa wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Michael Obi hedimastan makarantar Ndume, wadda ake ganin ta ci baya. Shi da matarsa Nancy suka ƙawata harabar makarantar da furanni. Wata rana da yamma ya ga wata tsohuwa ta ratsa ta cikin furannin, sai ya gano akwai tsohuwar hanya da ta haɗa wurin tsafin ƙauyen da maƙabartarsu. Ya sa aka toshe ta da itatuwa da waya mai ƙaya. Bayan kwana uku sarkin tsafin ƙauyen ya zo ya roƙe shi ya buɗe, ya ƙi. Bayan kwana biyu wata mace ta rasu wurin haihuwa, boka ya ce kakanni ne suka yi fushi. Obi ya wayi gari ya tarar an tattake furannin, an tuge shingen, an rushe ɗaya daga cikin gine-ginen makarantar. A ranar ce kuma Baturen da ke duba makarantu ya zo, ya rubuta mummunan rahoto a kansa.

Wannan shi ne labarin, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke tsayawa. To, mu tambaya: me ya sa Obi ya toshe hanyar?

In aka bi ta bakinsa, amsar a fili take. Ya gaya wa sarkin tsafi cewa aikin makaranta shi ne kawar da irin waɗannan camfe-camfe, kuma dokar makaranta ba ta yarda a mai da harabarta hanyar wucewa ba. Mai ba da labari ma ya ce burinsa biyu ne: inganta koyarwa da ƙawata makaranta. Ɗalibin da ya tsaya a nan zai ce Obi mutum ne mai kishin ilimin zamani. Bai yi ƙarya ba, amma rabin amsa ya kawo.

Sai mu koma ga sauran kafofin. Na farko, lokacin da wani malami da ya shekara uku a makarantar ya bayyana masa amfanin hanyar, ya kuma gargaɗe shi cewa an taɓa yin babbar rigima da aka yi ƙoƙarin toshe ta, Obi bai tambayi yadda rigimar ta ƙare ba. Abin da ya dame shi shi ne abin da jami'in ilimi na gwamnati zai ce in ya zo duba makarantar mako mai zuwa. Na biyu, tun a farkon labarin an gaya mana cewa ba ya ɓoye rainin da yake yi wa tsofaffin malamai waɗanda ba su kai shi karatu ba, kuma yana ɗokin nuna musu yadda ake tafiyar da makaranta. Na uku, lokacin da tsohon nan ke yi masa bayanin cewa ta hanyar ce matattunsu ke tafiya, kakanninsu ke ziyartarsu, jarirai kuma ke zuwa duniya, Obi yana saurare ne da murmushin wanda ya gamsu da kansa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na huɗu, labarin bai nuna cewa hanyar ta taɓa hana wani yaro karatu ba. An ma ce ta kusa shafewa saboda rashin bi. Furanni kawai ta taɓa.

In aka haɗa waɗannan, sai a ga cewa a ƙarƙashin kishin ilimi akwai son a gani a yaba, musamman daga na sama. Shi ya sa ƙarshen labarin ke da zafi. Baturen da Obi ya yi duk wannan domin ya burge, shi ne ya ɗora masa laifin haddasa rikici tsakanin makaranta da ƙauye saboda zaƙewa marar kan gado.

Ƙananan taurari ma suna da aikin da suke yi. Nancy ta kasance madubin mijinta. Tana murnar za ta zama matar hedimasta, sauran matan malamai su riƙa sha'awarta, sai gwiwarta ta yi sanyi da ta ji cewa malaman duk samari ne marasa aure. Wannan ɗan ƙaramin bayani ya nuna cewa a gidan gaba ɗaya ana auna ci gaba ne da idon masu kallo. Shi kuma sarkin tsafi, ɗalibai kan yi saurin kiransa mugu ko jahili. Amma a duba abin da ya yi. Shi ya taka ya zo, ya yi magana cikin lumana, ya amince cewa mai yiwuwa Obi na da gaskiya a tasa fahimtar, ya nemi kowa ya bar wa ɗan'uwansa wurin zama. Mai ra'ayin riƙau a wannan ganawa shi ne mai takardar shaidar boko.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga yaran Babban Birnin Tarayya. Tun da aka kafa yankin a 1976, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, ƙauyuka da gonaki da maƙabartu na Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin sun sha haɗuwa da taswira da katanga. Mutanen tsohuwar Wuse, alal misali, Sabon Wuse aka mai da su, a Jihar Neja. Saboda haka a aji ɗaya za a iya samun ɗan ma'aikacin gwamnati da zai ga Obi ya yi daidai, da ɗan manomin da zai ji maganar sarkin tsafi har cikin ransa. Malami ya bar su su yi muhawara, amma da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya yi magana ya nuna layin da ya dogara da shi.

Misali na Biyu: Tauraron da Ya Sauya

A labarin “Marriage is a Private Affair”, wanda ke magana a kan ko aure sha'anin mutum biyu ne kawai, wani saurayi Ibo mai suna Nnaemeka da ke zaune a Legas ya auri Nene, malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibibiyo. Mahaifinsa Okeke ya ƙi auren, har ya mayar musu da hoton bikinsu bayan ya yanke siffar amaryar. Shekara takwas ba ya son ganinsu. Daga baya Nene ta rubuto masa cewa 'ya'yansu maza biyu suna son ganin kakansu, ita kuwa za ta zauna a Legas. A daren nan, ana ruwan sama na farkon shekara, Okeke ya kasa barci saboda nadama da tsoron kada ya mutu bai gyara abin da ya ɓata ba.

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce Okeke ɗan gargajiya ne mai ƙabilanci. Amma akwai wurin da ke rikita wannan amsa. Da dattawan ƙauye suka ba shi shawarar ya nemi boka ya karkato da hankalin ɗansa, ƙin yarda ya yi, domin shi Kirista ne mai riƙo da addininsa. Ashe ba bin al'ada ido rufe ne kaɗai ke tafiyar da shi ba. Akwai zafin uban da ya zaɓa wa ɗansa mata aka watsa masa ƙasa a ido, akwai kuma ƙaunar da ya danne da ƙarfi har ta kusa kashe shi. Wasiƙar Nene ba ta kawo wata sabuwar hujja ba. Jikoki ta ambata, kuma nan ne katangar ta tsage. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya riƙa yi game da duk tauraron da ya sauya ita ce, mene ne ainihin abin da ya taɓa shi? Amsarta takan bayyana abin da ya fi daraja a zuciyarsa tun farko.

Misali na Uku: Inda Amsa Ta Fi Ɗaya

“Civil Peace”, wanda ya fito a 1971, labari ne na bayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Jonathan Iwegbu ya tsira da matarsa Maria da uku daga cikin 'ya'yansa huɗu da kuma kekensa, ya koma Enugu ya tarar gidansa na tsaye. Ya karɓi fam 20 da gwamnati ta ba shi a madadin kuɗin Biyafara da ya miƙa. A daren ɓarayi suka zo, ya yi ihu maƙwabta ba su fito ba, ya miƙa kuɗin. Da gari ya waye shi da iyalinsa suka koma sana'arsu, yana cewa abin ba komai ba ne in aka kwatanta da abin da yaƙi ya ci.

Shin tawakkali ne, ko kuwa dabarar mutumin da ya san in ya tsaya tunani zai karye? Duka biyu suna da shaida. Yawan mayar da al'amari ga Allah da yake yi yana goyon bayan ta farko. Yadda ake ambaton mutuwar ƙaramin ɗansa a gurguje, a cikin bayanin wurin da ya binne kekensa, yana goyon bayan ta biyu. A adabi ba laifi ba ne amsa ta zama biyu. Laifin shi ne a kawo amsar da ba ta da tushe a cikin labari.

Abin da Ke Hannun Ɗalibin Hausa

Yaran makarantun Abuja, Gbagyi ne ko Gade ko Gwandara ko Bassa ko Ibo ko Yarbawa, da yawansu suna jin Hausa, ko da kuwa a kasuwa da unguwa suka koye ta kamar yadda wasunmu suka yi. Wannan jari ne. Duk yaron da ya taɓa jin tatsuniya ya san cewa in Gizo ya zo da daɗin baki, cikinsa yake yi wa aiki. Ashe ya riga ya san bambancin manufar baki da ta zuci. Gizo kuma kyakkyawan misali ne na miƙaƙƙen tauraro, domin hali zanen dutse, ba a taɓa jin tatsuniyar da ya tuba ya daina wayo ba.

Haka nan a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari kowane dare. A zahiri hira ce. Amma mai karatu ya san cewa jan lokaci yake yi har gari ya waye, domin kada Musa ya fita ya bi sahun mayaƙa ya faɗa tarkon Waziri. Shi ma Wazirin biyayya yake nunawa a fada, alhali gadon sarauta yake hange. Malamin da ya fara da waɗannan, in ya zo kan Michael Obi ba zai sha wahala ba.

Wanda ke son ƙarin labaran gwaji masu taurari irin mutanen da yaran suka sani, akwai The Whispering Trees na Abubakar Adam Ibrahim da ya fito a 2012, wanda labarin da ke ɗauke da sunan littafin ya shiga jerin ƙarshe na gasar Caine a 2013. A ɓangaren Hausa kuma akwai labaran gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016.

Yadda Ake Tsara Amsa

Kowane sakin layi na amsa ya ƙunshi abu uku a jere: magana, da shaida, da bayani. Ga misali, wanda ɗalibi zai mayar da shi Ingilishi a ɗakin jarrabawa:

“Obi ya fi damuwa da ra'ayin na sama da shi a kan zaman lafiya da maƙwabtansa. Da aka gargaɗe shi cewa toshe hanyar ya taɓa jawo rigima, abin da ya ambata shi ne zuwan jami'in ilimi mako mai zuwa. Wannan ya nuna cewa ƙawata makarantar a wurinsa hanya ce ta samun yabo, kuma shi ya sa mummunan rahoton da aka rubuta a ƙarshe ya zama hukuncin da ya fi yi masa ciwo.”

Jimla uku ke nan, amma sun fi shafi biyu na maimaita labari. Ɗalibi ya guji kalmomin “mutumin kirki” da “mugu” in ba zai faɗi ta wace fuska ba. Ya kuma guji ɗora wa tauraro abin da marubuci bai ba shi ba, kamar a ce Obi maraya ne shi ya sa yake da zafin rai, alhali babu inda labarin ya ambaci iyayensa.

Kammalawa

An ga cewa nazarin tauraro ya wuce sanin abin da ya faru, ya kai ga tambayar dalilin faruwarsa, da kuma kawo shaida daga cikin labari. An ga yadda maganar Obi ta saɓa wa aikinsa, da yadda wasiƙa ɗaya ta tona abin da Okeke ya ɓoye shekara takwas, da yadda halin Jonathan ke karɓar fassara biyu. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kafin a tura mu aji, kowa ya ɗauki gajeren labari ɗaya, na Hausa ko na Ingilishi, ya raba takarda gida biyu, ya rubuta abin da tauraro ya faɗa a hannun dama, abin da ya aikata a hannun hagu, sannan ya kwatanta. Yaron da aka koya wa wannan zai ci jarrabawarsa, kuma zai fi iya sauraren mutane da lura in ya fita daga makaranta. Allah ya ba mu sa'a.